Asfirin da Masu Ciwon Asma: Abin da Ya Kamata Masu Kemis Su Sani

SULEJA: Magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac suna cikin kayan da suka fi tafiya a kemis-kemis na kasuwar IBB da Madalla, domin leburori da direbobin da ke zuwa aiki Abuja kullum ba sa rabuwa da ciwon jiki. Sai dai ga wasu masu ciwon asma, ƙwaya ɗaya tana iya toshe musu numfashi cikin sa'o'i uku da sha, har ta kai su gadon asibiti.

Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kusan kashi 7 cikin ɗari na manya masu asma suna da wannan matsala, kuma adadin ya kusa kashi 15 ga waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Galibinsu suna fama da toshewar hanci da tsiron nama a cikinsa, ba sa jin ƙamshi ko wari. Dalili kuwa shi ne, waɗannan magunguna suna sa jikinsu ya ƙara fitar da sinadaran da ke matse hanyoyin iska na huhu.

A 1980 likitocin asibitin Scripps na ƙasar Amurka suka ba da rahoton cewa ana iya sabar wa jikin irin wannan majinyaci da asfirin. Akan fara da kimanin miligiram 40, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin yini ɗaya ko biyu, likita na tsaye da maganin gaggawa, har a kai miligiram 325. Daga nan majinyacin zai ci gaba da shan ƙwayar kullum. Idan ya yi fashin 'yan kwanaki, matsalar takan dawo, sai an sake aikin daga farko. Ga waɗanda aikin ya karɓa, tsiron hanci yakan yi jinkirin dawowa, tiyata da kwanciya asibiti su ragu.

Ta fuskar kuɗi batun yana da nauyi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma kamfanin GSK ya ba da sanarwar janye harkokinsa daga Nijeriya a watan Agustan shekarar, farashin magungunan shaƙa irin su Ventolin ya yi tashin gwauron zabi. Sababbin allurai kamar dupilumab kuwa suna cin dubban daloli a shekara, alhali asfirin na cikin magunguna mafi araha. Tsadar aikin tana wajen ƙwararren likita da kayan auna numfashi. Haka kuma bai dace da mai gyambon ciki ko mai juna biyu ba, kuma gwada shi a gida ganganci ne da rai.

Saboda haka ya wajaba mai kemis ya tambayi abokin cinikinsa ko yana da asma kafin ya miƙa masa maganin ciwo. Farasitamol daidai ƙima ba ya cika tayar da ciwon. Wanda kuwa numfashinsa ya taɓa sarƙewa bayan shan asfirin, a shawarce shi ya ga likita a babban asibitin Suleja, domin a tura shi wurin ƙwararrun ƙirji, kamar na asibitin koyarwa da ke Gwagwalada.