Daga Ƙwarya Zuwa Roba: Gano Sinadaran da Ke Shiga Nono a Ƙasar Daura

A kasuwannin ƙasar Daura, daga birni har Mai'aduwa da Zango da Baure, bokitin roba da leda da tsohuwar gorar ruwa sun shiga sahun ƙwarya wajen sayar da nono da kindirmo. Mai saye yana auna nono da ido da harshe, ya gane wanda aka sirka da ruwa. Sai dai wannan gwaji na gado bai kai ga sinadaran da ke fita daga jikin mazubi ba, domin ƙanƙantarsu ba ta sauya launi ko ɗanɗano.

Hausa tana kiran kayayyaki masu bambancin asali da suna guda, wato roba. Wadda ke ɗauke da lamba 3 akan tausasa ta da sinadaran fitalet, waɗanda ba su manne da jikinta ba. Wasu masu lamba 7 kuwa da bisfenol A ake haɗa su. Dukkansu ana danganta su da dagula sinadaran jiki masu sarrafa girma da haihuwa. Maiƙo da zafi da daɗewa suna gaggauta fitarsu. Nono yana da maiƙo, zafin bazarar Daura kuma yakan haura digiri 40.

A ɗakin gwaji, ana tatso sinadaran da ruwa mai narkarwa, a raba su da maiƙo. Na'urar kuromatogirafi ce ke rarrabe su, wata kuma ta tantance kowanne bisa nauyin ƙwayarsa. Ana amfani da gilashi, ana kuma gwada samfurin da ba nono a ciki, saboda fitalet na iya shigowa daga kayan aikin kansu. Idan mazubin za a gwada, dokar Tarayyar Turai mai lamba 10/2011 ta tanadi ruwan da rabinsa etanol ne a madadin madara, da ruwan tsami a madadin abinci mai tsami. Nononmu ya haɗa siffofin biyu.

A Nijeriya, sa ido kan abincin da aka kulle a mazubi yana hannun NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Nonon talla kuwa ba ya bi ta rajista. Saboda haka matakin farko na kariya yana hannun mai talla da mai saye, kuma bayanin ba zai isa gare su ba sai an samar wa kowace roba suna da Hausa.