Mai Keke da Ramin Titi

Alhazan Kano da suka sauke farali sukan dawo gida da labarin titunan Makka: shimfiɗaɗɗu, masu faɗi, wasu ma an huda duwatsu an ratsa da su. Mai sauraro yakan ce ai aikin kuɗin man fetur ne. Lalle kuɗi suna da hannu a ciki, amma akwai wani dalili da ba a cika ambatawa ba. Ruwan saman da ke sauka a Makka a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba, alhali na Kano ya ninka wannan sau shida ko fiye, kuma galibinsa yana zuba ne tsakanin watan Yuni da na Satumba. Ruwa kuwa shi ne babban abokin gabar kwalta. Don haka titin ƙasar Hausa ya fi na Makka bukatar kulawa, kuma idan aka yi sakaci da shi, wanda ya fi kowa ji a jikinsa shi ne mai keke.

Rami ba ya faɗowa daga sama. Zafin bazara yakan busar da kwalta har ta yi 'yan tsage-tsage. Idan damina ta kama, sai ruwa ya bi ta waɗannan tsage-tsage ya jiƙa marmara da tsakuwar da ke ƙasa, su yi laushi. Daga nan duk tirela ko tankar da ta taka wurin sai ta ƙara lotsa shi, har kwaltar ta ɓare. Abin da ya fara kamar tafin hannu a farkon damina, kafin kaka ya zama kwarin da zai iya haɗiye tayar keke. Idan kuma lambatu ya toshe da leda da shara, ruwan ba shi da mafita sai ya kwanta a kan titi.

Abin lura a nan shi ne, lalacewar takan fara daga gefe. Can ruwa yake taruwa, can kwalta ta fi rauni domin ba abin da ya tokare ta, can kuma iska da kwararar ruwa suke tara yashi da fasassun kwalabe. To, wannan gefen shi ne rabon mai keke, tun da masu motoci sun mamaye tsakiya. Direban mota da ya faɗa rami zai ji girgiza, ya yi tsaki, ya wuce. In abin ya yi muni ya sauya taya. Mai keke kuwa tayarsa ba ta kai faɗin yatsu uku ba, kuma babu ƙarfen da ya kewaye shi. Idan ya hangi rami, dabara uku ta rage masa, ba kuwa mai daɗi a cikinsu. In ya faɗa ciki, tayar gaba za ta iya cijewa ta wurgar da shi ta kan keken. In ya danne birki a kan yashi, keken ya zame. In ya kauce ya shiga tsakiya, ya yanki gaban motar da ke bayansa, wadda direbanta bai san da ramin ba balle ya yi tsammanin kaucewar. Wannan ta ukun ita ta fi kisa. Ranar da aka yi ruwa kuma ba a ma ganin ramin, domin kududdufi mai zurfin taƙi da mai zurfin gwiwa duk kamarsu ɗaya a ido.

Su wane ne ke kan waɗannan kekuna? Ɗalibai ne masu zuwa makaranta, da leburori, da masu gadi da ke komawa gida da asuba, da manoman karkara da ke ɗaure buhun kayan miya a bayan keke su nufi kasuwar 'Yankaba. Kaya masu nauyi suna hana keke juyawa da sauri, yawancin kekunan kuma ba su da fitila. Mutumin da ya karye a irin wannan faɗuwa, ko an kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ko wurin mai ɗori, ya yi asarar makonni ba ya nema, ga iyali suna jira. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

An daɗe ana kallon keke a matsayin abin hawan talaka, wanda ake jinginewa da zarar an sami kuɗin babur. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin sauya wannan tunani, har ya riƙa hawa keke zuwa aiki a Abuja, sai wata bas ta ture shi ya faɗa rami a gefen hanya. Jama'a sun yi ta raha da abin, amma kaɗan ne suka tambayi dalilin da ya sa ko a babban birnin tarayya ba a ware wa keke hanyarsa ba. Bayan da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, mutane da dama suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, suka hau titunan da ba a shirya musu ba.

Gyara kuwa a rarrabe yake. Manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi na gwamnatin tarayya ne, kuma a 2002 aka kafa hukumar FERMA domin kula da su. Titunan cikin gari na jiha ne, na ƙauyuka kuma na ƙananan hukumomi. Mai keke da ya taso daga ƙauye zuwa birni yana iya bin duka ukun a tafiya ɗaya, bai san ƙofar da zai kai kuka ba. A ganina babbar matsalar ita ce, sabuwar gadar sama tana da ranar buɗewa da taron manyan baƙi, amma yashe lambatu da toshe tsaga kafin damina ba su da biki, ko da yake sun fi araha nesa ba kusa ba. Ko an zo facin ma, tsakiyar titi ake fara dubawa.

Inda hukuma ta yi jinkiri, samarin unguwa sukan ɗebo ƙasa da ɓaraguzan bulo su cike ramin, suna miƙa hannu ga direbobi a ba su na goro. Masu motoci sukan sa musu albarka. Mai keke kuwa yakan sauka ya tura, domin ɓaraguzan suna fasa taya, ƙasar kuma ruwan farko zai mai da ita taɓo.