Raha da Muhallinta: Yadda Ake Karɓar Fara'ar da Ta Yaɗu

Abu biyu ne ke sa raha ta karɓu, wato halin da mai sauraro yake ciki da kuma al'adar yankinsa. Ko taubashi, wanda al'ada ta ba damar tsokana, kan kama bakinsa a gidan da ake jinya. Dangane da yanki kuwa, Bafulatani na iya kiran Babarbare bawansa a tsakiyar kasuwa a kwashe da dariya, domin kowa ya san wasan da ke tsakaninsu, kamar na Kanawa da Zazzagawa. Idan kalmar ta faɗa kunnen wanda ba abokin wasa ba, ta zama zagi.

Intanet kan raba fara'a da irin wannan muhalli, ta kai ta inda babu yarjejeniyar da ta halatta ta. Alal misali, waƙar "Happy" ta mawaƙin Amurka Pharrell Williams, wadda ta fito a 2013, ta sa jama'ar birane da dama ɗaukar bidiyon kansu suna rawa, aka yi ta yaba musu. Amma da wasu matasa shida suka yi haka a Tehran, matan cikinsu ba lulluɓi, sai aka kama su a watan Mayun 2014. A Satumba kotu ta yanke musu bulala 91 da ɗauri, kodayake an jingine hukuncin. Abin lura shi ne, ko a Iran ɗin ra'ayi ya rabu, domin shugaban ƙasar na lokacin, Hassan Rouhani, ya nuna cewa farin ciki haƙƙin jama'arsa ne.