Shiftar Turanci: Ba Kan Yarinyar Ne Ba Ya Ja Ba

Kwanan baya wata maƙwabciyata a nan Ƙofar Gayan ta shigo mini da littafin 'yarta 'yar aji huɗu, duk ya sha jan biro. An yi musu shiftar Turanci, ta ci biyu cikin goma. Har uban ya fara cewa kanta ba ya ja, gara ta ɗauki farantin talla. Da na duba sai na ga ta rubuta haus maimakon house, kau maimakon cow. Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Kunnen yarinyar nan lafiya lau."

Ga inda gizo ke saƙa. A Hausa muna da tagwayen wasula ai da au, kamar a kai da kyau. Tun da aka daidaita rubutun boko a nan Zariya cikin shekarun 1930, zamanin Dokta East, abin da kunne ya ji shi hannu ke rubutawa. Turanci kuwa ba haka ba ne. An fara buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya zauna wuri ɗaya, lafazi ya ci gaba da sauyawa. Ka'idar Hausa yarinyar ta bi, aka ba ta sifiri.

Ni a ajina gida-gida nake raba kalmomin nan. A tsakiyar kalma ai ake sawa, a ƙarshe ay: rain, wait, amma day, play. Haka oi da oy: coin, boil, amma boy, toy. Wannan yara kan kama shi cikin mako guda. Gidan ou da ow shi ne mai rikici. Out, house, cow da now sun bi tsari, sai ga down da town sun sa ow a tsakiya, low da grow kuma amonsu daban. Waɗannan sai hadda, kuma bulala ba ta gaggauta ta.

Ku 'yammatan sakandare, ku taimaki ƙannenku. Kalma biyar ta gida ɗaya bayan magariba ta isa, ko da gawayi ne a dandamali. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya riƙe littafi ta gwada harafi da harafi.

Makon jiya yarinyar ta ci bakwai. Eight ce har yanzu ke kayar da ita. Ni ma sai da na shiga kwalejin horon malamai na daina juya g da h ɗinta.