Yadda ake kallon faifan fim a kwamfuta da kuma ceto shi daga lalacewa

A gidaje da dama na Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai kwalayen fayafayan VCD da DVD da aka daɗe ba a buɗe ba. Faifai dai ba ya dawwama, kuma kwamfutar gida ita ce hanya mafi sauƙi ta ceto abin da ke cikinsa kafin ya ɓace.

Faifai ya samu gindin zama a jihar Zamfara ne saboda wani dalili na musamman. Bayan da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, aka kuma fara aiki da ita a watan Janairun 2000, an rufe gidajen sinima a jihar, don haka kallo ya koma cikin gida.

A daidai wannan lokaci ne fina-finan Hausa ke tashe. Sana'ar da ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990 ta bunƙasa da fina-finai irin su Sangaya da Wasila, kuma daga kasuwar Ƙofar Wambai ake rarraba su zuwa garuruwan arewa, da farko a kaset, daga baya kuma a faifai.

Ba fina-finai kaɗai ke cikin waɗannan kwalaye ba. Akwai tafsirin watan azumi, da saukar karatu, da bikin aure da na suna, da naɗin sarauta. Irin waɗannan galibi kwafi ɗaya tak gare su a duniya.

Me ya sa faifai ke lalacewa?

Fayafayai iri biyu ne. Akwai wanda aka buga a masana'anta, akwai kuma wanda aka sayo babu komai a ciki aka ɗora masa fim da kwamfuta, wato CD-R ko DVD-R.

Na biyun yana ɗauke ne da wani siririn rini wanda hasken leza ke yi wa tabo domin rubuta bayanai. Zafi da hasken rana suna kashe wannan rini sannu a hankali. Yawancin fayafayan biki da na wa'azi da aka yi a shagunan unguwa irin wannan ne.

Wani littafin jagora da cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar a 2003 ya ba da shawarar a riƙa ajiye faifai a wurin da zafinsa bai wuce digiri 20 a ma'aunin Celsius ba. A Gusau kuwa zafi kan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ga kuma ƙurar hunturu wadda ke karce fuskar faifai.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a faifan VCD bayanan suna daf da gefen da aka yi rubutu a kai. Saboda haka karcewar da ta fi haɗari ita ce ta saman, kuma rubuta sunan amarya da biro mai tsini na iya ɓata faifan baki ɗaya. A DVD kuwa bayanan suna tsakiya ne, tsakanin roba biyu.

Idan za a goge faifai, a yi amfani da ƙyalle mai laushi, a ja shi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaya ba.

Kunna faifai a kwamfuta

Matsala ta farko ita ce na'urar karanta faifai. Akasarin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba sa zuwa da ita, amma ana sayar da ta waje wadda ake jonawa ta kafar USB.

Ta biyu ita ce manhaja. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kamfanin Microsoft ya daina haɗa damar kunna DVD a cikin tsarin nasa. Mafita ita ce VLC, manhaja ta kyauta wadda ɗaliban wata makarantar injiniya ta birnin Paris suka faro, aka kuma sake ta ga jama'a a 2001. Tana kunna VCD da DVD duka.

Ta uku kuma ita ce lambar shiyya. Kamfanonin fina-finai sun raba duniya zuwa shiyyoyi: Amurka ce ta 1, Turai da Gabas ta Tsakiya na ta 2, Najeriya da Nijar da Indiya kuma na ta 5.

Wannan ne ya sa faifan da alhaji ya sayo a Saudiyya kan iya ƙin yi a wata na'urar. Na'urar kwamfuta tana yarda a sauya mata shiyya, amma sau 5 kawai, daga nan sai ta tsaya a kan ta ƙarshe.

Yadda ake yin kwafin ajiya

A faifan VCD, fim ɗin yana cikin wata folda mai suna MPEGAV, a fayil mai suna AVSEQ01.DAT ko makamancinsa. Faifai ɗaya na ɗaukar kimanin minti 74 zuwa 80, abin da ya sa dogon fim kan zo a faifai biyu. Sau da yawa ana iya kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta kai tsaye, VLC kuma za ta kunna shi.

A DVD, wanda ke ɗaukar gigabayit 4.7, ko 8.5 idan mai hawa biyu ne, fim ɗin yana cikin foldar VIDEO_TS, an rarraba shi gida-gida. Hanya mafi aminci ita ce a kwafe faifan ɗungurungum zuwa fayil guda da ake kira ISO, wanda ke riƙe komai yadda yake.

Wanda ke son kallo a waya zai iya mayar da fim ɗin zuwa MP4 da manhajar HandBrake, ita ma kyauta ce. Sai dai matse fim yana rage masa kyan hoto, don haka kada a share kwafin asali.

Idan faifai ya ƙi karantuwa, a gwada shi a wata na'urar kafin a fid da rai, domin na'urori sun bambanta wajen jure karcewa. Ya kamata a fara da fayafayan da babu irinsu a kasuwa.

Rumbun ajiya na waje mai terabayit 1 zai ɗauki DVD kusan 200, ko VCD fiye da 1,000. Amma shi ma yana mutuwa, haka nan filas da katin waya kan yi asarar bayanai idan suka daɗe a ajiye. Shi ya sa masana adana bayanai ke ba da shawarar kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani gida daban.

Ajiya ko satar fasaha?

A nan ne ake buƙatar hattara. Da yawa daga cikin fayafayan DVD na ƙasashen waje suna da wani makulli mai suna CSS. A 1999 wani matashi ɗan ƙasar Norway, Jon Johansen, da abokan aikinsa suka fitar da manhajar da ke buɗe shi, kuma kotun ƙasar ta wanke shi a 2003.

Wannan hukunci bai shafi Najeriya ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince da wasu nau'o'in amfani na ƙashin kai, amma ta hana fasa makullin da mai aiki ya sa wa aikinsa, sai a 'yan wuraren da ta keɓe.

Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC ta yanke hukunci a taronta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin talifi da na ƙirƙira abin karewa ne a Shari'a, kuma bai halatta a keta shi ba.

Ke nan wanda ya kwafe faifan bikin gidansu bai taɓa haƙƙin kowa ba. Wanda kuwa ya kwafe fim yana tura wa jama'a a waya yana karɓar kuɗi ba da izinin mai shi ba, ya shiga irin satar fasahar da ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan Kannywood.

Intanet ba rumbu ba ce

A yau masu kallo sun koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Sai dai ba duk tsofaffin fina-finai aka ɗora a can ba, kuma abin da aka ɗora ana iya sauke shi a kowane lokaci.

Mutanen Zamfara sun ga wannan da idonsu a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka shafe babu waya babu intanet, kuma abin da ke hannun mutum kaɗai ne ke da amfani.

Ga iyalan da rashin tsaro ya tilasta wa barin ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu kuwa, kwalin faifai ba ya cikin abin da ake ɗauka yayin gudu. Kwafin da aka bari wurin ɗan'uwa a Gusau ko Kano na iya zama abin da ya rage na muryar mahaifi ko hoton garin da aka baro.