Agogon Tsada a Mai Wurno: Ajiya ko Abin Tunawa?

Wanda ya yi shekaru yana aiki a Jidda ko Riyad, ranar da ya fara haɗa kayan komawa Mai Wurno da ke Sudan, wata tambaya takan tsayar da shi a ƙofar shagon agoguna: in sayi na kirki, mai tsada, wanda zan bar wa ɗana? Tambayar ba ta ƙawa kaɗai ba ce. Mutum yana son ya bar abin da za a riƙe a hannu a ce na Baba ne. Sai dai buƙatu biyu ne suka cakuɗe a ciki, ajiyar dukiya da abin tunawa, kuma a ganina agogon tsada bai cika biyan ko ɗaya ba.

Batun ajiya ba wasa ba ne a Sudan. A 1992 dinari ya maye gurbin fam, a 2007 aka dawo da fam, sabo ɗaya a bakin tsoho dubu. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗin daga fam 55 zuwa 375 kan dala ɗaya, a tsakiyar shekarar kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba a ganin laifinsa in ya ƙi amincewa da takarda. Amma agogo ba zinari ba ne. Awarwaron uwargida, in ta kai shi wurin mai zinari a Sinnar, kan sikeli za a ɗora shi, a duba farashin giram na ranar, a ƙirga mata kuɗinta. Agogo kuwa sai an dace da wanda ya san shi, ya yarda ba jabu ba ne, yana kuma da abin saye. Ana yawan kawo labarin Rolex ɗin Paul Newman, ɗan fim ɗin Amurka, da aka sayar sama da dala miliyan 17 a 2017. Wannan na 'yan ƙalilan ne. Galibin agoguna darajarsu takan faɗi tun ranar da suka bar shago, ko manyan ma farashin na hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, sannan ya yi ta sauka.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara fito da wannan fili. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban shekarar, Sinja ta bi a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe su daga baya. Mai Wurno kuwa tana kan hanyar Sinnar zuwa Sinja. A shingen bincike, abin da ke ƙyalli a wuyan hannu shi ido ke fara kaiwa gare shi. Garin ma asalinsa na masu hijira ne: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya ja ragowar jama'ar mahaifinsa gabas bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Jikokin waɗannan mutane ba sa buƙatar a koya musu bambancin abin da ake gudu da shi da abin da ke jawo wa mai shi ido.

To, abin tunawar fa? Ku dubi agogon da ake ji da shi a gidajenmu. Sau da yawa Seiko 5 ne, irin da Japan ta fara fitarwa a 1963, ko Orient, ko Rado da aka zo da shi daga aikin hajji. Gilashin ya karce, an ƙara huda a madaurin lokacin da hannun mai shi ya rame. Da shi tsohon yake duba ko la'asar ta yi yana tsakiyar gona. Abin da ya sa 'ya'yansa ba za su sayar da shi ba ke nan, ba kuɗin da ya biya ba. Irin wannan agogon motsin hannu ne ke tafiyar da shi, in aka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Kuma mai gyara a kasuwa, da tabaronsa maƙale a ido ɗaya da ɗan hantsakinsa, zai buɗe shi ya share ƙurar guguwar habub ya sa masa mai. Na Siwizalan mai tsada shi ma yana son wanki da mai bayan wasu shekaru, amma kayan gyaransa sai wurin wakilan kamfani, kuɗin aikin kuma yakan fi na sabon Seiko. Sannan in na zinari ne, malamanmu ba su halatta wa namiji ɗaura shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar rabon gado. Agogo mai araha, 'yan'uwa sukan ce, "Yaya, riƙe shi kawai." Mai tsada kuwa dukiya ce, dole a yi masa kuɗi, domin mata da 'ya'ya mata suna da haƙƙi a ciki, ba kuma a tsaga shi. Ƙarshenta a sayar, ko wani ya riƙe wasu su ƙullace shi. Wasiyya ba ta warware wannan, tunda ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Hanyar da ta rage ita ce kyauta tun mutum yana da lafiyarsa, a gaban shaidu, tare da yi wa sauran 'ya'ya adalci. A mazhabar Malikiyya sai wanda aka bai wa ya karɓa ya riƙe. In agogon yana hannun uban har ya kwanta ciwon ajali, kyautar ta ɓaci, ya koma cikin gado.