Wasan Langa

Idan kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, farin wata ya fito, yara maza sukan taru a dandali bayan tuwon dare. Cikin wasannin da suka fi so akwai langa. An san wasan a ƙasar Hausa duka, daga Maraɗi da Damagaram har Katsina da Kano.

Wasan langa ba ya bukatar ƙwallo ko wani abin saye. Fili mai yashi ya isa, amma sai an tsince duwatsu da ƙaya tukuna. Yara sukan kasu gida biyu daidai wa daida, misali 6 nan, 6 can. Sai a zaɓi wani wuri can nesa kaɗan, kamar gindin itace ko jikin katanga. Nan ne wurin sha.

Kowane ɗan wasa yakan lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya, ya riƙe ta da hannu. Da ƙafa guda zai yi ta tsalle har wasa ya ƙare. Wanda ya saki ƙafarsa, ko aka kayar da shi, ya mutu ke nan. Sai ya koma gefe ya yi kallo.

Ɓangaren da zai fara yakan fid da yaro ɗaya, a kira shi ruwa. Sauran ƴan ɓangarensa su ne dawaki. Aikin ruwa shi ne ya kai wurin sha ba tare da ya faɗi ba. Abokan hamayya kuwa ba su da wani buri sai su kayar da shi. In ruwa ya kai, an sha, ɓangarensa ya ci. In ya faɗi a hanya, wasa ya koma hannun ɗaya ɓangaren, su ma su fid da nasu ruwan.

Zaɓen ruwa ba abin gaggawa ba ne. Sau da yawa ba wanda ya fi kowa ƙarfi ake ba wannan aiki ba. An fi son yaro marar nauyi, mai zafin nama, wanda ya iya kauce wa tura. Ƙarfafan sun fi amfani a cikin dawaki, don su ne za su tare hanya.

Kafin a fara, dawaki sukan haɗa kai su yi shawara a asirce. Wa zai tsaya gaban ruwa? Wa zai tsare bayansa? Wa zai ja hankalin ƙaton yaron nan na wancan ɓangare? Idan an soma, biyu su sa ruwa a tsakiya, sauran su yi ta bangazar masu zuwa. Wani lokaci doki yakan rungumi faɗuwa da gangan, ya tafi ƙasa tare da abokin hamayya, don dai hanya ta buɗe. Shi ya fita daga wasa, amma ruwa ya wuce.

Akwai kuskuren da sababbin shiga suka cika yi. Doki ya ga wanda yake jin zai iya kayarwa, sai ya bi shi can gefe, ya manta da ruwa. Ko da ya kayar da mutum 3, in aka kayar da ruwa a bayansa, aikin banza ya yi. Shi ma ruwa, in ya yi gaggawa ya bar dawakinsa a baya, nan da nan za a kewaye shi.

Tura da kafaɗa ko da tafin hannu ba laifi ba ne. Naushi da duka kuwa ba sa cikin wasa.

Yanzu langa ta wuce dandali. A Najeriya ana gasarta a babban bikin wasanni na ƙasa, tare da dambe da kokawa. A can akwai alƙalin wasa da fili mai iyaka. A ƙauye kuwa, yaran da suka mutu suka koma gefe su ne alƙalai, kuma ihunsu ne ke sanar da gari cewa an sha.